Mudun data yana hannun mai sayarwa (ZARE)

1/ Jama'a ku zo mu yi maganar data. Kullum muna "data ta ta ƙare", mu yi tsaki, mu sake saye. Yau ina so mu tambayi wa ya riƙe mudun, wa ke yanka farashi, kuma me ya sa ba mu da wajen gudu. Zaren da ɗan tsawo, ku daure. 🧵

2/ A kasuwar Dawanau in za ka sayi masara, a gabanka ake cika mudu. Ba ka yarda da mudun ba, ka ce a kawo wani. Mai hatsi ya tsauwala, ka matsa rumfar gaba, akwai ɗari irinsa. Abu biyu ke kare ka: idonka a kan awo, da yawan masu sayarwa.

3/ A kasuwar data duka biyun babu. Kamfani ke sayarwa, shi ke aunawa, shi ke gaya maka nawa ka sha, shi ke sa ranar da abin da ka saya zai mutu. Ka danna *323# ya nuna maka lamba, ka ce to. Wajen wa za ka je ya sake auna maka?

4/ Masu sayarwar kuma huɗu ne a baki. A alƙaluman NCC na 2025, MTN na da sama da rabin layukan ƙasar nan, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku. Kamfani biyu sun kwashe sama da kashi 80 cikin 100. Glo na biye daga nesa, 9mobile da ta koma T2 ba ta kai kashi 3 ba.

5/ Ita ta huɗun ma a 2025 sai da ta ƙulla yarjejeniya masu layinta su riƙa hawa kan sabis ɗin MTN. Wato abokin gasarka a gidanka yake haya. To wace gasa ce zai yi da kai?

6/ A ƙauyuka da yawa na Arewa ba a ma maganar huɗu. Ƙarfen sabis ɗaya ne, na kamfani ɗaya, wani lokacin sai an hau tudu ko bishiya. Tun 2013 kana iya komawa wani kamfani da lambarka, gaskiya ne. Amma mutumin da layi ɗaya ne ke kamawa a garinsu, ina zai koma?

7/ Shi ya sa duk wanda ya ce maka "in ba ka so ka canja layi", ka san bai taɓa kwana a karkara ba. Inda babu zaɓi, farashi umarni ne. Ka biya ko ka kashe waya.

8/ Mu tuna yadda aka yi. Ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira, saƙo da data da kashi 50 cikin 100. Su kashi 100 suka nema. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6.

9/ A Fabrairu mutane suka wayi gari tsarin MTN na giga 15 na mako ya tashi daga ₦2,000 zuwa ₦6,000. Ninki uku ke nan, alhali kashi 50 aka ce. Sai da aka yi ca a kansu a nan dandalin kafin kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/ Don Allah kada wani ya zo min da "ai kasuwanci ne". Na san hujjarsu, kuma ba duka ce ƙarya ba. Naira ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500. Kayan aikinsu da dala ake sayo su. Ƙarafan sabis da dizal suke aiki saboda babu wuta.

11/ Ana yanke musu waya wajen aikin titi, ana sace musu batura da janareto, jihohi da ƙananan hukumomi kowa na yankar harajinsa. MTN Najeriya ta yi asarar wajen naira biliyan 137 a 2023, da wajen biliyan 400 a 2024. Kafin ƙarin 2025, rabon da a taɓa farashin a hukumance tun 2013. Duk na yarda.

12/ To amma a wata ukun farko na 2025 kamfanin ya koma riba, sama da naira biliyan 133. Alhamdu lillahi, majinyaci ya miƙe. Mu da muka biya kuɗin maganin me muka samu? An ce ƙarin zai kawo ingancin sabis. Kowa ya duba sandunan da ke saman wayarsa ya ba kansa amsa.

13/ Kuma ko an yarda farashi ya tashi, akwai abubuwan da dala ba ta da hannu a ciki. Dala ce ta ce data ta mutu bayan kwana 30? Dizal ne ya ce talaka ya fi mai kuɗi biyan tsada a kan giga ɗaya? Waɗannan zaɓi ne aka zauna a ofis aka yi.

14/ Mu fara da mutuwar data. Ka sayi buhun shinkafa, ƙarshen wata mai shago ya shigo kicin ɗinka ya kwashe ragowar, ya ce wa'adi ya cika. Me za ka kira shi? A data sunan wannan "ƙa'idojin tsari", kuma mun saba har ba ma jin ciwo.

15/ Za a ce ai ana ɗora maka ragowar a kan sabon saye. Eh, da sharaɗin ka sake biya cikin 'yan kwanakin da suka ware. Ma'ana kayanka na hannunsu a matsayin jingina, sai ka kawo sabon kuɗi su sake shi. Wanda aljihunsa ya bushe a makon nan, shi ke nan ta tafi.

16/ Ku fahimci wani abu: data ba fetur ba ce. In ka ƙona lita ɗaya ta tafi, sai an haƙo wata. Giga ɗaya babu rijiyar da ake ɗebo ta. Abin da kamfani ke kashe wa kuɗi shi ne faɗin hanya: ƙarfe, waya, lasisin zangon iska, wuta. Hanyar na nan ko ka bi ko ba ka bi ba.

17/ Matsalarsu ta gaske cunkoso ne, lokacin da kowa ya hau a tare, kamar bayan isha'i. Shi ya sa datar dare take arha kamar kyauta. Giga ɗin ƙarfe biyun dare da na ƙarfe takwas ɗin yamma abu ɗaya ne. Su da kansu sun nuna mana farashin ba na giga ba ne.

18/ Na yarda zangon iska yana da iyaka, ba za a ce kowa ya sha yadda ya ga dama a kan ƙarfe ɗaya ba. Amma ragowar mega 700 ɗinka da aka kashe ranar 30 ga wata wane cunkoso ta rage? Babu. Kawai ta tilasta maka sake saye ne.

19/ Sai tsadar talauci. Yi wannan lissafin da kanka: danna *312#, ɗauki ƙaramin tsarin kwana ɗaya na naira 100, lissafa nawa giga ɗaya ta kama. Sannan ɗauki babban tsarin wata na dubbai ka yi haka. Za ka ga mai ɗari-ɗari yana biyan ninki a kan kowace giga.

20/ Wa ke sayen ɗari-ɗari? Ɗalibin da zai duba sakamakon JAMB. Mai POS a bakin tasha. Matar da ke tallar turaren wuta a WhatsApp daga ɗakinta. Ɗan Adaidaita. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ₦70,000 ne, kuma miliyoyi ba sa samun ko shi. Kashin dankali sak, babba a kan ƙarami.

21/ Sai zuƙewar data. NCC ta sha cewa yawanci wayoyinmu ne: bidiyo mai kunna kansa, manhajoji masu sabunta kansu, hotunan da ke hawa ma'ajiya ba ka sani ba. Akwai gaskiya a ciki, ku shiga saiti ku kashe su. TikTok ba ya wasa da data.

22/ Amma in mutum ya kashe duk wannan, lissafin wayarsa ya ce giga 2, na kamfani ya ce giga 3, wa zai raba gardama? In ba ƙira me ya ci gawayi? Gidan mai in ya tauye lita ana iya zuwa da ma'auni a rufe shi. Mai data kuwa rantsuwar mai sayarwa kawai gare shi.

23/ Ga kuma yawan tsare-tsare mai sa jiri: na kwana, na dare, na YouTube, na soshiyal, garaɓasar da ke mutuwa kafin asalin data. A 2024 sai da NCC ta sa iyaka, ta ce kada kamfani ya wuce ƙunshi 100. Ɗari fa! Wa zai iya kwatanta ɗari da ɗari? Ruɗanin ma hanyar cin kuɗi ce.

24/ Yanzu tarihi, don 'yan 2000 su ji. Da GSM ya zo a 2001, layi kaɗai naira dubu 20 ne zuwa sama. Kira naira 50 a minti. Ka yi sakan biyar ka ce "ina zuwa", an cire maka kuɗin minti cur. Mutane suka ce a koma lissafin sakan, kamfanoni suka ce ba zai yiwu ba tukuna.

25/ A Agustan 2003 Glo ta shigo da lissafin sakan tun ranar farko. Ranar 19 ga Satumban 2003 'yan Najeriya suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi. Cikin 'yan watanni abin da "ba zai yiwu ba" ya yiwu a wajen kowa. Injinan ba su canja ba, tsoron rasa kwastoma ne ya shigo.

26/ Darasin ke nan: sabon ɗan gasa da fushin jama'a, in suka haɗu, farashi na sauka. Layin dubu 20 ya dawo ana bin ka da shi a titi ana roƙo ka karɓa. Ba tausayi ne ya kawo haka ba.

27/ 2016 ma haka. NCC ta sa ƙa'idar kada manyan kamfanoni su sayar da mega ƙasa da kwabo 90, daga 1 ga Disamba. Wato wajen naira 900 a giga, a lokacin da ake samunta ƙasa da haka sosai. Aka yi ta ihu, Majalisar Dattawa ta sa baki, ranar 30 ga Nuwamba aka dakatar. Saura kwana ɗaya.

28/ To me ya sa 2025 ba ta yi aiki haka ba? NLC ta ce a ƙaurace wa layuka daga 11 na safe zuwa 2 na rana, daga 13 ga Fabrairu zuwa ƙarshen wata. Majalisar Wakilai ta ce a dakatar da ƙarin. SERAP ta tafi kotu. Ƙarin ya zauna daram.

29/ Ga inda nake ganin an kuskure. A 2003 in ka kashe waya kamfani ya yi asara, don sai ka kira yake samu. Yau ka riga ka biya kuɗin wata. Ka kashe data awa uku, kuɗinka na aljihunsu, agogon wa'adi na tafiya, ka ma rage musu cunkoso. Kyauta ka yi musu.

30/ Amma ku tuna giga 15 ɗin nan. Abu ɗaya ne takamaimai, lamba biyu kowa ya gane: 2,000 da 6,000. Shi ne aka samu ban haƙuri a kansa cikin kwanaki. Ihu a kan "komai ya yi tsada" iska ke kwashewa. Ihu a kan abu ɗaya mai lamba shi ke shiga kunne.

31/ Ba mu kaɗai aka taɓa yi wa mudun nan ba. A Kanada, Janairun 2011, hukumar sadarwarsu CRTC ta yarda manyan kamfanoni irin Bell su riƙa cajin ƙananan kamfanonin da ke hayar wayoyinsu bisa yawan gigar da kowane kwastoma ya sha. Ƙananan nan su ne ke sayar da intanet mai yalwa da arha.

32/ Nan take wani ƙaramin kamfani, TekSavvy, ya sanar da rage iyakar wata daga giga 200 zuwa 25. Ƙungiyar OpenMedia ta buɗe takardar koke, mutum wajen rabin miliyan suka sa hannu. Ministan masana'antu Tony Clement ya ce in hukumar ba ta sake nazari ba gwamnati za ta soke hukuncin.

33/ Zuwa Nuwamban 2011 an sauya tsarin: ƙananan kamfanoni su biya kuɗin faɗin hanyar da suka kama, su sayar wa mutanensu yadda suka so. Manyan ba su daina sa wa nasu kwastomomin iyaka ba, amma an bar wa jama'a ƙofar fita. Faɗan nasu na kare masu gasa ne.

34/ Afirka ta Kudu: #DataMustFall ya tashi a 2016. Ba su tsaya a hashtag ba, suka tura maganar majalisa da Hukumar Kula da Gasa. Hukumar ta fara bincike a 2017, a Disamban 2019 ta ce farashin Vodacom da MTN na danne talaka, su rage ko a gurfanar da su.

35/ Afrilun 2020 giga ɗaya ta wata ta sauko daga rand 149 zuwa 99. MTN ɗin nan dai da kuka sani, a ƙasarta ta haihuwa. Shekara huɗu suka yi suna bin magana ɗaya. Mu kwana nawa muke yi kafin wani rikicin 'yan fim ya ɗauke mana hankali?

36/ Nan kusa, Gana. A 2019 ma'aikatar sadarwarsu ta ba da umarnin kada datar da mutum ya saya ta mutu. A 2020 suka ayyana MTN a matsayin kamfanin da ya mamaye kasuwa, don a sa masa ƙa'idoji na daban. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima ku faɗa mana yadda abin yake a ƙasa.

37/ Tambaya ta gaba: me ya hana sabbin 'yan gasa zuwa Arewa? Intanet ɗin ƙasar nan ta teku take shigowa: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. Legas suke sauka. Daga can zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma sai an binne wayar faiba taku bayan taku.

38/ Kowace mita sai an biya jiha kuɗin izinin haƙa. An yi matsaya a kan ₦145 a mita, jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu suna karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko daga ₦4,500 zuwa ₦145, Kaduna ta yafe gaba ɗaya. Lissafa: kilomita 100 a ₦4,500 naira miliyan 450 ne kafin a sayi waya ko ɗaya.

39/ Wane ƙaramin kamfani ne zai iya wannan don ya kai intanet Gumel ko Yauri? Sai manya. Su ja wayar, su riƙe ta, duk mai son hawa ya biya abin da suka yanka. Don haka gwamnan jiharka yana da hannu a tsadar datarka, ko ya sani ko bai sani ba.

40/ Gwamnatin tarayya ma ta yi alƙawari a rubuce. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, zamanin Pantami, ya ce zuwa 2025 a kai kashi 70 na masu intanet mai sauri, giga ɗaya kada ta wuce ₦390. Har tsakiyar 2025 ba a kai kashi 50 ba. Farashin kuwa ku kuka sani.

41/ Starlink fa? Ya shigo a Janairun 2023, kuma ya taimaki wasu. Amma kuɗin wata ₦38,000 ne kafin ya nemi mayar da shi ₦75,000 a Oktoban 2024, har NCC ta taka masa birki. Ban da kuɗin na'ura na dubban ɗaruruwa. Wannan ba kasuwar mai sub ɗin ɗari biyar ba ce.

42/ NCC ta ba kamfanoni sama da 40 lasisin sayar da layi ta hanyar hawa kan ƙarafan manya. Nawa ka taɓa gani a unguwarku? In babba ne zai yanka wa ƙarami farashin sari, ƙaramin ya mutu tun a ciki. Abin da 'yan Kanada suka gane ke nan tun 2011.

43/ To me muke nema? Biyar ne, ku adana:
1. Datar da aka biya kada ta mutu, ba tare da sharaɗin sake saye ba.
2. A rubuta farashin giga ɗaya a jikin kowane tsari, a kuma sa iyaka ga tazarar da ke tsakanin ƙarami da babba.

44/ 3. Awo mai zaman kansa: kowa ya samu bayanin abin da ya sha kullum kyauta, a riƙa binciken na'urorin cajin kamfanoni a wallafa sakamakon.
4. Jihohin Arewa su yafe kuɗin haƙa, ko su tsaya a ₦145.
5. NCC ta yanka farashin sari, FCCPC ta binciki kasuwar data kamar yadda aka yi a Afirka ta Kudu.

45/ Namu aikin kuma: kashe sabuntawa ta kai tsaye, kada a cire maka kana barci. Ɗauki hoton lissafin wayarka da na kamfani. Kai ƙara wajensu ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba kira 622, layin NCC ne kuma kyauta. Ƙorafin da ba a rubuta ba, a wajen hukuma bai faru ba.

46/ Inda layi biyu ke kamawa, ku yi ƙaura a ƙungiyance. Ɗalibi ɗaya ya bar kamfani ba wanda zai ji. Hostel guda a BUK ko ABU, ko 'yan kasuwar waya ta Farm Centre, su sa rana su sanar su koma tare, wallahi sai an kira taro a hedikwata. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

47/ 2027 na tafe. Duk ɗan takarar gwamna ko majalisa da ya zo neman ƙuri'ar matasa, kafin ya raba atamfa da taliya ku tambaye shi: nawa jihar nan ke karɓa a mitar faiba, kuma yaushe za ka soke? In bai san amsar ba, ya je ya tambayo ya dawo.

48/ Masu cewa "data ai ba abinci ba ce": da ita ake rajistar jarrabawa, da ita ake neman aiki, da ita ake tura kuɗin asibiti, da ita dubban 'yan uwanmu mata ke ciyar da gida daga cikin ɗaki. Wanda ya riƙe mudunta ya riƙe wani yanki na tuwon gidanku.

49/ A ƙasan zaren nan ku rubuto abu uku: garinku, layi nawa ke kamawa da kyau, da nawa kuke kashewa a data a wata. Kada ku sa lambar waya. Mu tara, mu jera jiha-jiha, mu aika wa NCC da 'yan majalisarmu da sunan kowace ƙaramar hukuma. Ku yaɗa, ku taɓo na ƙauyenku. 🔁